Burtali Mafi Faɗi: Rayuwar Ilimi ta Vladimir Vapnik

Ba kasafai mujalla irin wannan takan ba masu lissafi fili ba, domin an saba ganin cewa tsakanin ɗalibin adabi da ɗalibin lissafi sai dai gaisuwa a ƙofar laburare. To amma tun da na'urori suka fara tsara zance, suna fassara daga wannan harshe zuwa wancan, har suna kwaikwayon waƙa, ya kamata mu da harshe ne gonarmu mu san waɗanda suka share wa wannan al'amari fage, mu kuma san irin tambayoyin da suka hana su barci. A wannan maƙala za mu bi sawun ɗaya daga cikinsu, wato Vladimir Vapnik, masanin da ya shafe kimanin shekara 30 yana aiki a wata cibiyar bincike ta birnin Mosko, sa'an nan ya ƙaura zuwa Amurka yana da shekara hamsin da 'yan kai, lokacin da yawancin malaman jami'a suke fara lissafin fansho, kuma bayan wannan ƙaura ne sunansa ya game duniya.

Fannoni biyu ne suka haɗu a rayuwarsa. Na farko shi ne lissafin neman mafifici, wato ilimin gano zaɓin da ya fi kowane kyau daga cikin zaɓuɓɓukan da ba su ƙirguwa, alhali an gindaya wa mai zaɓen sharuɗɗa. Na biyu shi ne koyon na'ura, wato yadda za a sa kwamfuta ta ciro ƙa'ida da kanta daga misalan da aka nuna mata, maimakon a zauna a rubuta mata ƙa'idar.

Daga Samarƙandi zuwa Mosko

An haifi Vapnik a watan Disamba na 1936 a Tarayyar Sobiyat, cikin iyalin Yahudawa. Ya yi karatun lissafi a jami'ar gwamnatin Uzbekistan da ke Samarƙandi, inda ya kammala a 1958. Sunan wannan birni ba baƙo ba ne a kunnen almajirin ilimi, domin a kusa da shi ne kabarin Imamu Buhari yake, kuma ga yankin Huwarizmi na wannan shiyya ake danganta Alhuwarizmi, wanda daga sunansa ne Turawa suka ciro kalmar da suke kiran jerin matakan lissafi da ita. A 1961 Vapnik ya kama aiki a Mosko, a cibiyar da daga baya aka sani da Cibiyar Nazarin Sarrafa Na'urori, ya sami digirinsa na bincike a 1964, ya kuma zauna a nan har 1990. A ɗakin binciken Alexander Lerner aka sa shi, kuma a nan ne ya haɗu da Alexey Chervonenkis, wani matashi haifaffen Mosko da ya girme wa da shekara biyu, wanda sunayensu suka zama kamar Ɗanjuma da Ɗanjummai a littattafan wannan fanni.

Ya kamata mai karatu ya tuna irin ƙasar da ake magana a kanta. A farkon shekarun 1950 jaridun Sobiyat sun yi wa ilimin na'urori masu sarrafa kansu laƙabin kimiyyar bogi ta 'yan jari-hujja. Sai bayan mutuwar Stalin a 1953 ne iska ta juya, har a 1955 wasu manyan masana suka fito fili suka kare shi a rubuce. Shi ma lissafin neman mafifici ya ɗanɗana irin wannan zargi. A 1938 wata masana'antar katakon falle ta kawo wa wani matashin shehun malami na Leningrad, Leonid Kantorovich, tambaya: ga injuna iri-iri, ga katako iri-iri, yaya za a rarraba aiki a tsakaninsu don a sami amfani mafi yawa? Ya warware matsalar, ya buga sakamakon a 1939, ya kuma gane cewa hanyar da ya bi za ta yi aiki a kan sufuri da noma da tsarin tattalin arziki baki ɗaya. Sai dai a cikin lissafin nasa akwai wasu alƙaluma da suke nuna darajar kowane kaya gwargwadon ƙarancinsa, abin da ya yi kama da farashin kasuwa, kuma a ƙasar da hukuma ce ke yanka farashi wannan magana ce mai hatsari. Aikin ya kwanta kusan shekara 20. A can Amurka kuwa George Dantzig ya gano tasa hanyar a 1947, yana yi wa rundunar mayaƙan sama aikin tsare-tsare, ba tare da ya san abin da aka yi a Leningrad ba. Sai a 1975 Kantorovich ya karɓi kyautar Nobel ta fannin tattalin arziki.

Abin da ya tayar da ƙura a ɗakunan bincike na Mosko a lokacin da Vapnik ya iso, daga Amurka ya fito. A 1958 wani masanin halayyar ɗan'adam mai suna Frank Rosenblatt ya bayyana wata na'ura da ya kira fasaftiron, wadda aka tsara bisa kwaikwayon jijiyoyin ƙwaƙwalwa. Ta farko da aka ƙera tana da idanu 400 masu jin haske. Akan nuna mata hoto ta faɗi rukuninsa, in ta yi kuskure a ɗan murɗa ma'aunanta, a sake nuna mata wani, har ta daina kuskure. Jaridun Amurka suka yi ta kururuwa cewa an kusa samun na'urar da za ta yi tafiya, ta yi magana, ta san kanta. A 1962 wani masanin lissafi, Albert Novikoff, ya tabbatar da cewa muddin akwai miƙaƙƙen layin da ya raba rukunonin biyu, to fasaftiron za ta same shi bayan ƙididdigaggun kurakurai, kuma gwargwadon faɗin tazarar da ke tsakanin rukunonin, gwargwadon ƙarancin kurakuran.

A kan wannan tazara Vapnik ya kafa ido. Mu ƙaddara gonaki biyu ne maƙwabta, ɗaya ta gero ɗaya ta dawa, ana so a fitar da burtali a tsakaninsu. Layukan da za su raba gonakin ba tare da sun taɓa shuka ba suna da yawa ƙwarai, kuma fasaftiron duk wanda ta fara cin karo da shi a nan take tsayawa, ko da yana gogar ganyen dawa. Vapnik da Lerner a 1963, sa'an nan Vapnik da Chervonenkis a 1964, suka ce a nemi layi guda tak, wanda ya bar fili mafi faɗi dama da hagu. Da an faɗi haka, koyo ya zama matsalar neman mafifici ke nan: a faɗaɗa burtali iyakar iyawa, bisa sharaɗin kada ya ci shukar kowa. Kayan aikin warware irin wannan matsala kuwa suna nan tun daga Lagrange a ƙarni na 18, har zuwa sharuɗɗan da Karush ya rubuta a 1939, Kuhn da Tucker suka sake ganowa a 1951. Abin sha'awa a cikin amsar shi ne, yawancin shukokin ba su da ta cewa. 'Yan ƙalilan da suke daidai bakin iyaka su ne turakun da aka ɗaure burtalin a jikinsu. In an tuge duk sauran gonar aka bar waɗannan, burtalin ba zai gusa ko taƙi ɗaya ba.

Karatun aku da ƙiyasi

Duk wanda ya taɓa gyara takardun jarrabawa ya san ɗalibi iri biyu. Akwai wanda ya haddace amsoshin tambayoyin bara kamar aku, in an maimaita su ya cinye, in an ɗan sauya musu riga ya rikice. Akwai kuma wanda ya kama ƙa'ida, yana iya ƙiyasta abin da bai gani ba a kan abin da ya gani. Tambayar da Vapnik da Chervonenkis suka sa a gaba ita ce: yaushe ne nasarar na'ura a kan misalan da aka koyar da ita take zama hujjar cewa za ta yi nasara a kan sababbi? Sun fitar da amsar a taƙaice a 1968, sa'an nan cikakkiya a wata maƙala ta 1971, kuma a ganinmu wannan maƙala ita ce ginshiƙin duk abin da suka bari.

Ga gundarinta. A ajiye tsakuwa uku a ƙasa, kada su jeru a layi ɗaya. A shafa wa kowace baƙi ko fari. Hanyoyin yin haka 8 ne, kuma a kowace hanya miƙaƙƙen layi guda zai iya ware baƙaƙe daga farare. A ƙara ta huɗu, hanyoyi su zama 16. Yanzu kowane irin zama aka yi wa tsakuwoyin, sai an sami shafin da layi zai gaza. Alal misali, a sa su a kusurwoyi huɗu na ɗaki, biyun da ke kallon juna a gicciye su zama baƙaƙe, sauran biyun farare, babu miƙaƙƙen layin da zai raba su. Saboda haka ƙarfin miƙaƙƙen layi a shimfiɗaɗɗen fili 3 ne. Kowane irin tsarin koyo yana da irin wannan lamba tasa. Abin da suka tabbatar shi ne, idan lambar tana da iyaka, kuma misalan da aka tara sun ninka ta sosai, to abin da na'ura ta yi a aji shi za ta yi a waje, da ɗan bambancin da za a iya ƙididdigewa. Idan kuwa tsarin yana iya amincewa da kowane irin shafi komai yawan tsakuwoyin, to cin jarrabawarsa ba ya nuna komai, domin da an ba shi amsoshin ƙarya ma da ya haɗiye su.

Daga baya Vapnik ya danganta wannan da ra'ayin masanin falsafa Karl Popper, cewa ra'in da babu wani abin da zai iya ƙaryata shi ba ra'in kimiyya ba ne. Mu ma a fagen nazarin adabi ba mu rasa irin waɗannan ra'o'i ba, waɗanda kowace waƙa aka kawo musu, ta yabo ce ko ta zambo, sai su ce ta gaskata su. Bambancin shi ne su Vapnik sun samo ma'aunin da za a auna wannan cuta da shi a faɗi adadinta.

A daidai shekarar da maƙalar ta fito, wato 1971, ɗakin binciken ya rasa jagoransa. Lerner ya nemi izinin ƙaura zuwa Isra'ila, aka hana shi, aka kuma raba shi da muƙamansa. Ya zauna a Mosko a wannan hali har 1988 kafin ya sami fita. Vapnik da Chervonenkis suka ci gaba da aiki. A 1974 suka fitar da littafi a kan ra'in gane siffofi, inda suka kawo shawarar a riƙa daidaita abu biyu a lokaci guda, wato ƙarancin kuskure a kan misalai da ƙarancin ƙarfin tsarin da aka zaɓa. An fassara shi zuwa Jamusanci a 1979. A wannan shekarar Vapnik ya fitar da nasa littafin shi kaɗai, wanda fassararsa ta Ingilishi ta fito a 1982, kuma hanyar burtali tana kwance a cikinsa.

Ba za a ce Yammacin duniya bai ji ɗuriyarsu ba sam. Masana ƙididdiga irin su Richard Dudley sun yi amfani da aikin tun 1978. Amma masu ƙera na'urori ba su waiwaye shi ba, domin fannin nasu ya shiga fari. A 1969 Marvin Minsky da Seymour Papert sun wallafa littafin da ya fallasa iyakokin fasaftiron, ciki har da matsalar nan ta kusurwoyi huɗu, kuɗin bincike suka janye, shi kuma Rosenblatt ya rasa ransa a hatsarin kwale-kwale a 1971. Sai a tsakiyar shekarun 1980 ne wasu masana kwamfuta huɗu, Blumer da Ehrenfeucht da Haussler da Warmuth, suka nuna cewa lambar nan ta Mosko ita ce mabuɗin sabon ra'in koyo da Leslie Valiant ya kawo a 1984, aka kuma raɗa mata sunan masu ita. Wato sunan Vapnik ya riga shi isa Amurka.

Holmdel

A ƙarshen 1990, Tarayyar Sobiyat tana tangal-tangal, Vapnik ya koma ɗakunan binciken Bell na kamfanin AT&T a garin Holmdel, jihar New Jersey. Sashen da ya shiga, a ƙarƙashin Larry Jackel, cike yake da matasa daga Turai, irin su Yann LeCun da Léon Bottou da Isabelle Guyon daga Faransa, da Corinna Cortes daga Denmark. Aikin da ke gabansu na a-zo-a-gani ne: na'ura ta karanta lambobin da mutane suka rubuta da hannu a bayan ambulan da kan cekin banki. Kuma makamin da suka fi amincewa da shi shi ne ragar jijiyoyi mai hawa-hawa, jikanyar fasaftiron, wadda ta farfaɗo bayan da Rumelhart da Hinton da Williams suka yaɗa hanyar horar da ita a 1986. Dattijon da ya zo da alli da hujjoji ya tarar da yaran da suka fi yarda da gwaji.

Burtalin Vapnik yana da nakasu guda: miƙaƙƙe ne. To idan dawa ce a tsakiya, gero ya kewaye ta kamar zobe fa? Akwai dabara. A ƙara wa kowace shuka wani awo na uku, wato a ɗaga ta sama gwargwadon nisanta daga tsakiya, sai filin ya koma kamar ƙwarya, dawa a gindi gero a baki, a nan kuwa yanka guda a kwance ya isa ya raba su. Matsalar ita ce yawan awon. Hoton lamba mai ɗigo 256, in za a haɗa ɗigogin har hurhuɗu, awon da za a samu ya haura miliyan 100, abin da kwamfutocin wancan zamani ba za su iya ɗauka ba. A nan ne Isabelle Guyon ta kawo shawara. Lissafin burtali ba ya buƙatar sanin inda kowace shuka take, abin da yake buƙata kawai shi ne gwargwadon kamannin kowace biyu. Akwai kuwa wasu ƙa'idojin lissafi masu sauƙi da suke ba da wannan kamanni kamar an hau can sama an auna, alhali ba a taka ko matakala ɗaya ba. Bernhard Boser da Guyon da Vapnik suka gabatar da sakamakon a wani taro a Pittsburgh a 1992.

Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne asalin dabarar. Masana uku, Aizerman da Braverman da Rozonoer, sun bayyana ta tun 1964, a cibiyar nan ta Mosko da Vapnik yake aiki, a shekarar da shi da Chervonenkis suke rubuta nasu. Gari yana wannan ɗaki, ruwa yana wancan, amma sai bayan shekara 28, a wata nahiya, a hannun wata Bafaransa, aka dama furar. Duk wanda ya san zaman jami'a ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin sau da yawa malami ya fi sanin abin da ake yi a wata ƙasa fiye da abin da ake yi a ofishin da ke jikin nasa.

Saura gyara ɗaya. Gonakin gaskiya ba su da tsabtar iyaka, akan sami ƙwayar gero ta tsiro a cikin dawa. A 1995 Cortes da Vapnik suka wallafa hanyar da ta yarda wasu shukoki su ƙetare iyaka, amma a ci tarar kowace gwargwadon nisan da ta shiga, sai a nemi daidaito tsakanin faɗin burtali da yawan tara. Wannan ita ce na'urar turaku kamar yadda duniya ta san ta. Da aka gwada ta a kan tarin lambobi 60,000 na koyo da 10,000 na jarrabawa, kuskurenta bai wuce kimanin 1 cikin 100 ba, kafaɗa da kafaɗa da ragar jijiyoyin da aka shafe shekaru ana gyara ta domin wannan aiki musamman.

Gardamar da ta biyo baya gardama ce ta neman mafifici. Matsalar da na'urar turaku take warwarewa siffar ƙwarya gare ta: ko ta ina aka saki tsakuwa a ciki, gindi ɗaya za ta tarar, saboda haka mutum biyu da suka yi lissafin a garuruwa dabam amsa ɗaya za su samu. Ragar jijiyoyi kuwa ƙasa ce mai tudu da kwari, kuma mai horar da ita kamar matafiyi ne cikin duhu, yana laluben gangara da ƙafa. Wannan lalube tsohuwar hanya ce da Cauchy ya bayyana a 1847, Robbins da Monro kuma suka kafa tushen yin ta da misali ɗaya-ɗaya a 1951. Matafiyin yana iya faɗawa ƙaramin kududdufi ya ɗauka ya isa kogi, kuma babu hujjar da ta lamunce masa akasin haka. Ga mutum irin Vapnik wannan ba ilimi ba ne tukuna. Ga su LeCun kuwa gani ya kori ji, tun da na'urarsu ta kai ga karanta sama da kashi 10 cikin 100 na cekin bankunan Amurka a ƙarshen shekarun 1990.

Ranar 14 ga Maris 1995 gardamar ta kai ga rubutacciyar yarjejeniya, da sa hannu, LeCun yana shaida, wanda ya faɗi zai sayi abincin dare mai tsada. Jackel ya ce kafin 14 ga Maris 2000 za a sami bayanin lissafi na dalilin da ya sa manyan ragogin jijiyoyi suke aiki. Vapnik ya ce kafin 14 ga Maris 2005 babu mai hankalin da zai ci gaba da amfani da raga irin ta 1995. Shekarar 2000 ta zo babu bayani, Jackel ya faɗi. Shekarar 2005 ta zo ana nan ana amfani da ragar, Vapnik ya faɗi. Shaida ne kaɗai ya ci riba.

Amma in don yayi ne, saura ƙiris maganar Vapnik ta tabbata. A 1995 ya fitar da littafin da ya bayyana ra'insa cikin sauƙi, a 1998 ya biyo da babban kundinsa. Cikas ɗin da ya rage na aiki ne: jadawalin kamannin misalai 60,000 yana da gurabe biliyan 3.6. A 1998 John Platt na kamfanin Microsoft ya nuna cewa za a iya warware matsalar ta hanyar gyara alƙaluma biyu kacal a kowane mataki, abin da ya sa kowane ɗalibi mai kwamfutar tebur ya iya gwadawa. Nan da nan na'urar turaku ta bazu: rarrabe rubuce-rubuce bisa jigo, tace wasiƙun banza, har da gano ƙwayoyin halittar da ke da alaƙa da ciwon daji, aikin da Guyon da Vapnik da abokansu suka wallafa a 2002. Shi kansa ya zama shehun malami a kwalejin Royal Holloway ta Jami'ar Landan a 1995, ya koma ɗakin binciken NEC a Princeton a 2002, ya karɓi kujera a Jami'ar Columbia ta Niyok a 2003. Kyaututtuka suka biyo baya, har da lambar Benjamin Franklin a 2012.

A wannan shekara ta 2012 kiɗa ya sauya. A gasar gane hotuna ta ImageNet, mai hotuna kimanin miliyan 1.2 da rukuni 1,000, ragar jijiyoyin da Alex Krizhevsky da Ilya Sutskever da Geoffrey Hinton suka horar ta yi kuskuren kashi 15.3 cikin 100, mai bi mata kuwa 26.2. Abin da ya sauya shi ne yawan misalai da ƙarfin injuna. Matafiyin duhu ba ya buƙatar jadawali, misali kaɗan-kaɗan yake dubawa ya yi gaba, alhali jadawalin kamannin misalai miliyan ɗaya gurabe tiriliyan ɗaya ne. Cikin 'yan shekaru fagen ya koma hannun ragar jijiyoyi, kuma daga zuriyarta ne aka sami na'urorin da suke tsara zance. A watan Satumba na 2014 Chervonenkis, yana da shekara 76, ya fita yawo a dajin Losiny Ostrov da ke gefen Mosko, ya ɓace hanya, sanyi ya kashe shi kafin masu nema su kai gare shi. Bayan wata biyu Vapnik ya shiga sashen binciken Facebook, wanda LeCun, shaidan yarjejeniyar nan, yake shugabanta a lokacin.

Ba mu ga dalilin kiran wannan faɗuwa ba. A 2016 wasu manazarta suka gwada abin da maƙalar 1971 ta yi gargaɗi a kansa: suka hautsina sunayen hotuna, kare ya zama jirgi, jirgi ya zama kwaɗo, suka ba ragar jijiyoyi, ta haddace su tsaf. Ashe ƙarfinta ya isa karatun aku. Amma in an ba ta sunayen gaskiya sai ta yi ƙiyasi mai kyau, abin da tsohon ma'auni shi kaɗai bai isa ya bayyana ba. Tambayar da Jackel ya yi zaton za a amsa kafin 2000 ta sake tasowa, kuma da harshen Vapnik aka yi ta. A 2018 Daniel Soudry da abokansa suka tabbatar da cewa, a tsari mafi sauƙi, inda miƙaƙƙen layi ya isa ya raba rukunoni, matafiyin duhu in an bar shi ya yi ta gangara, a hankali yakan karkata zuwa burtali mafi faɗi ba tare da kowa ya umarce shi ba.

Malami da tatsuniya

Shi dai Vapnik hankalinsa ya riga ya koma wani wuri, kuma a nan ne hanyarsa ta ratso ta ƙofar gidanmu. Ya lura cewa ɗan'adam ba ya buƙatar misali dubu kafin ya gane abu, domin yana da malami, kuma malami ba amsa kaɗai yake bayarwa ba, yakan haɗa da kwatance da misali da habaici. A 2009 shi da Akshay Vashist suka wallafa tsarin da na'ura take samun ƙarin bayani a lokacin koyo kaɗai, ranar jarrabawa kuwa ita da hoto ne kawai. Ɗaya daga cikin gwaje-gwajen ya shafi rarrabe lamba 5 da lamba 8, bayan an dusashe hotunan har sun yi wuyar ganewa. Aka sa wata masaniyar waƙoƙin Rasha ta dubi kowane hoton koyo ta siffanta shi da harshen waƙa, kamar wata halitta mai hali da ɗabi'a, wannan mai zafin rai, wancan mai natsuwa. Aka mayar da siffantawar alƙaluma aka ba na'ura. Wadda ta koya da taimakon wannan bayani ta fi wadda ta koya da hotuna zalla.

A laccocinsa da hirarrakinsa na wajen 2019 da 2020 ya riƙa ambaton wani suna da ɗalibanmu na adabin baka suka sani sarai, wato Vladimir Propp. A 1928, a Leningrad, Propp ya nazarci tatsuniyoyin Rasha 100 daga tarin Afanasyev, ya nuna cewa duk yawansu a kan matakai 31 aka gina su, kamar hani da karya hani, da yaudara, da tafiya, da komowa, matakan da masu nazarin tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi sukan gwada a kan namu. Shi ma littafin Propp sai da ya jira shekara 30 kafin ya fito da Ingilishi a 1958. Abin da Vapnik ya ɗauka daga gare shi shi ne cewa 'yan ƙa'idoji ƙalilan na iya ɗaukar nauyin labarai marasa adadi, kuma yana zaton akwai irinsu ga hotuna, kamar daidaiton ɓangaren dama da na hagu, waɗanda in an gano su na'ura za ta koya da misalai kaɗan. A kan haka ya jefa wa matasan fannin ƙalubale da tarin lambobin nan na Holmdel: a kai ga irin sakamakon da ake samu da misalai 60,000, amma da misalai 600 kacal, wato 60 ga kowace lamba.